Gwaggo Sabulu da Farantai Arba'in da Biyu

Duk wanda ya wuce ta bayan asibiti da sassafe ya ji ana ɗaga murya a ɗakin wanki, sai ya ɗauka faɗa ake yi. Ba faɗa ba ne, Gwaggo Sabulu ce take gaisawa da ma'aikatanta. Shekara ashirin da takwas ta yi tana magana a tsakanin injuna shida masu ruri, har ta manta yadda sauran mutane suke magana a hankali. Gajeriya ce kakkaura, tana da tabarau da ta rataya a wuya da igiya, kuma ba ta taɓa sa hannu a ruwa yana idonta ba, wai tururi yana rufe mata shi. Ta shigo aikin tana mai ɗaukar kwandon zannuwan gado, yanzu ita ce shugabar ɗakin. Ka miƙa mata zane mai tabo, ba sai ka yi bayani ba. Za ta faɗa maka jini ne ko aidin ko shayi, ta faɗi kwanansa nawa, har ta ƙara da cewa mai gadon ba shi da nutsuwa.

Sunan nan kuwa ba ma'aikata ne suka raɗa mata ba, daga gida ya fito. Maigidanta, tsohon direban babbar mota da ya ajiye aiki, shi ya fara kiran ta haka, saboda a cewarsa shekara talatin ke nan bai taɓa shanye shayinsa har ƙarshe ba. Da ya ajiye kofi ya juya zai murɗa rediyo, kofin ya tafi, an wanke shi, an kife. A ƙa'idar Gwaggo, duk abin da ya matso kusa da wurin wanke-wanke shi ya kawo kansa. Abu ɗaya ne ya gagare ta a gidan, wata tsohuwar hular saƙa da maigidan ya yi shekara goma sha biyar yana tuƙi da ita. Ya hana a wanke ta, wai za ta saki. Ko wanka zai shiga, sai ya cusa ta a aljihun riga ya shiga da rigar. Gwaggo ba ta ma kiran ta hula, gidan cuta take ce mata.

'Ya'yansu huɗu ne. Uku sun gama jami'a, kuma duk ukun Gwaggo ce ta goge musu rigar yaye, wannan doguwar baƙar rigar mai faɗin hannu da ɗalibai ke sawa ranar karɓar digiri. Ita kanta a sakandare karatunta ya tsaya, domin mahaifinsu ya kwanta ciwo a shekarar da ta gama, aka rasa mai ɗaukar nauyin gidan sai ita. Ba ta taɓa yi wa kowa ƙorafi ba. Sai dai ranar da take goge rigar ɗanta na uku, ta zaci ba kowa a gidan, ta ɗora ta a kafaɗa ta tsaya gaban madubi. Auta, 'yar autarsu, ta leƙo ta gan ta, ta koma da baya a hankali.

Yarinyar nan ta riƙe abin a ranta shekara uku. Da ta gama shekarar farko a karatun lauya, wanda shekara biyar ne, sai ta dawo gida da fom na masu karatun ranar Asabar, sashen harkar gudanarwa, shekara huɗu cif.

"Umma, na yi lissafi," in ji ta. "Ni saura min huɗu, ke ma huɗu ne. Rana ɗaya za mu sa rigar."

Gwaggo ta yi faɗa har maƙwabta suka ji. Ta ce ita da jikoki biyu ina ita ina aji, ta ce raini ne, ta ce Auta ta ɗauke mata takardar nan daga kan teburin da ta gama gogewa. Washegari da asuba ta cike fom ɗin da kanta.

Karatun bai ba ta wuya yadda take tsoro ba. Wadda ta yi shekaru tana juya ma'aikata ashirin da injuna shida, me za a faɗa mata game da gudanarwa? 'Yan ajinsu, waɗanda yawancinsu sa'annin 'ya'yanta ne, Mama suke ce mata. Ita ke ɗinke musu maɓallin da ya cire, ita ke gaya musu yadda za su fitar da tawada daga farar riga. Kwas ɗaya ne kawai ta yi ta kauce masa kamar mai kauce wa rami a hanya, wato bayoloji na waɗanda ba 'yan kimiyya ba, wanda jami'a ta ce dole kowa ya yi kafin ya fita. Wani ne ya tsegunta mata tun a shekarar farko cewa a can kiwon ƙwayoyin cuta ake yi.

"Kiwo?" in ji Gwaggo. "Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina kashe su, yanzu kuma in koma ba su abinci?"

Ta ɗaga shi bara, ta ɗaga shi bara waccan, har aka zo zangon ƙarshe na shekarar ƙarshe, ba sauran wurin ɗagawa. In ta ci, ta sa riga tare da Auta. In ta faɗi, sai baɗi, ita kaɗai.

Malamar kwas ɗin wata siririyar mace ce mai takalmin kambas, kowa Dakta yake ce mata, kuma Gwaggo ta haifi wanda ya girme ta. Mai kula da ɗakin gwaji kuma wani dattijo ne mai fushin baki da taushin zuciya, ɗalibai suka sa masa Malam Safa, domin ba ya amsa gaisuwar kowa sai ya fara cewa, "Ina safar hannunka?"

Abin mamaki, Gwaggo ta ji daɗin ajin. Ranar farko aka ba su fatar albasa suka duba a madubin likita. Ta sa ido ta ga ƙwayoyin halitta a jere, kowace da bangonta, tsaf kamar zannuwan da aka ninke aka jera a kanta. Ta ɗago ta ce, "Ashe albasa ma tana da tsari!" Ajin ya kwashe da dariya. Wata Asabar kuma suka murƙushe ayaba, suka zuba gishiri da sabulun wanke-wanke da sinadari mai sanyi, sai ga wasu fararen zaruruwa sun taso a kwalba. Dakta ta ce wannan shi ne kundin gadon ayabar, abin da ya sa ta zama ayaba ba lemo ba. Ta ce sabulun ne ya fasa fatar ƙwayoyin har zaren ya fito. Ranar Gwaggo ta koma gida tana tafiya kamar an ba ta sarauta. Tun daga ƙofa ta fara sanar da maigidan cewa ko kimiyya ba ta tsayuwa sai da sabulu.

Sannan aka zo kan farantai. Malam Safa ya raba wa kowa ɗan faranti na gilashi mai murfi, a cikinsa akwai wani abu kamar sitacin da ya daskare, wanda aka ce shi ne abincin ƙwayoyin. Kowa ya goga auduga a kan abin da ya ga dama, wani wayarsa, wani mariƙin ƙofa, ya shafa a farantin. Gwaggo sai da ta wanke hannu sau uku sannan ta dangwala yatsa, don kada a ga abin kunya a nata. Aka rubuta lambar kowa a gindin farantinsa, aka naɗe da salatif mai ɗauke da lambar, aka sa a akwatin ɗumi. Dakta ta ce mako mai zuwa kowa zai duba abin da ya fito, ya rubuta rahoto, kuma rahoton nan maki arba'in ne cikin ɗari. Gwaggo ta ji wannan sarai. Abin da ta ɗauka shi ne, tunda ƙwayoyin cuta ba a ganin su da ido, za a dawo mata da farantinta fes kamar yadda ta bayar, sai a sa a madubi.

Asabar ɗin da ta biyo, ta iso da awa guda kafin lokaci, kamar yadda ta saba isa ko'ina. Ƙofar ɗakin gwaji a buɗe take, Malam Safa ya fita neman rajista. Tana shiga wani wari ya tare ta. Ta bi shi da hanci har bakin wurin wanke-wanke, sai ga wani babban baho cike da farantai, wasu sun yi kore, wasu rawaya, wasu sun yi gashi kamar burodin da aka manta a jaka. Ranta ya ɓaci. A jami'a guda! A wurin da ake koyar da 'ya'yan mutane! Wane aji ne ya yi wannan ƙazantar ya tafi ya bar wa tsohon nan?

A nan dole a yi wa Gwaggo adalci. A kowane gida na duniya, kwanon da aka tara a baho aka ajiye a bakin famfo, me ake nufi da shi? Laifin Malam Safa ɗaya ne, teburin bakin famfon ne kaɗai ya samu da fili. Ita kuwa ta sauke tabarau a ƙirji, ta zura safar hannu biyu-biyu, ta rufe hanci da takunkumi, ta haɗa ruwan bilic mai ƙarfi kamar na zanen ɗakin tiyata. Ta jiƙa su, ta ɓare salatif, ta kankare, ta wanke, ta ɗauraye sau uku. Lambobin da ke gindinsu, da ba tabarau, ta ga kamar wani datti ne, ta dirje su har suka fita. Cikin minti arba'in farantai arba'in da biyu suna kife a kan tawul suna ƙyalli, ita kuma tana goge famfo tana ɗan waƙa.

Malam Safa ya shigo da rajista a hammata. Ya dubi bahon, ya dubi tawul ɗin, ya sake duban bahon. Sai ya nemi kujera ya zauna.

"Sannu da zuwa, Malam," in ji Gwaggo da fara'a. "Ka ga na rage maka aiki. Amma gaskiya ka riƙa yi wa yaran nan faɗa."

"Mama," ya ce a hankali, kuma ranar ce ta farko da bai tambayi kowa safar hannu ba. "Naku ne. Na ajinku ne. Har da naki."

Gwaggo ta ɗaga tabarau ta sa. A ƙasan bahon ta hango wani guntun salatif da ya tsira, ɗauke da lamba goma sha bakwai. Lambarta ce. Kunya ta rufe ta irin wadda ba ta taɓa ji ba tun da take aiki.

Ɗalibai suka fara shigowa, labari ya bazu. Monitan ajin, wani dogon saurayi mai son shugabanci, ya buɗe baki zai yi tsawa, ya tuna wadda ta ɗinke masa aljihu makon jiya, ya mayar da bakin ya rufe. Wata yarinya ta ɗauki faranti ɗaya ta ɗaga shi sama ta ce, "Mama, kin wanke min maki arba'in tas, ko ɗigo ba ki bar min ba." Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Saura mako uku jarrabawa, kuma kowa ya san dokar da ke manne a bangon ɗakin: wanda ya lalata aikin wani, ya rasa makin aikinsa gaba ɗaya. Wanda ya rasa arba'in kuwa, da wuya ya tsallake.

Dakta ta zo, ta saurari bayani ba ta katse kowa ba. Ta ɗauki faranti ta kai shi bakin taga, ta juya shi a haske, ta ɗauki wani, ta ɗauki na uku.

"Wa ya koya miki fara jiƙawa a bilic kafin ki buɗe?"

"Aikina ne, Dakta," in ji Gwaggo, murya ƙasa-ƙasa, abin da ya sa rabin ajin suka waiwayo don ba su taɓa jin ta haka ba. "Ban zo in kare kaina ba. Na yi ɓarna. Yaran nan dai kada a taɓa su."

"Doka tana nan, Mama, ba ni na rubuta ta ba, kuma ba zan yage ta ba," in ji Dakta. "Amma lokaci ya rage na gwaji ɗaya tak. Ke za ki haɗa sababbin farantai arba'in da biyu da hannunki, Malam yana kallo. Ki ƙara biyar a kai, waɗanda ba wanda zai buɗe su, su ne shaidarki. Idan ranar dubawa biyar ɗin nan suka fito ba ko ɗigo, aikinki ya yi tsabta, an gyara ɓarna, makinki yana nan. Idan ko ɗaya ya tsiro da wani abu, to duk sauran ma ba abin yarda ba ne, kuma ba ni da abin da zan iya yi miki."

Da yamma Gwaggo ta faɗa wa mutanen gida. Maigidan ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya yi wuf ya cafe ta. "Na sha faɗa," in ji shi, "wata rana sai kin wanke abin da zai kai mu kotu!" Auta ma ta fara dariya, sai ta dubi idon uwarta ta daina.

"In abin bai yiwu ba, ki je ki sa rigarki," in ji Gwaggo. "Ni zan goge miki ita, na saba."

"To ni ma sai in ƙi zuwa, in jira baɗi."

"Kul! Kada in ƙara jin wannan maganar a bakinki."

Ta tashi ta shiga kicin ta hau wanke tukunyar da ta riga ta wanke, ta daɗe a can ba ta fito ba.

Litinin da Talata, tana tashi daga asibiti sai ta wuce ɗakin gwaji. Auna gari, dama shi da ruwa, dafa shi a tukunyar tururi, duk wannan wasa ne a wurinta, domin asibiti ma da irin tukunyar suke aiki. Wuyar tana wajen zubawa. Malam Safa ya kunna ɗan harshen wuta a kan tebur ya ce kusa da shi za ta yi aiki, murfi kuma kaɗan za ta ɗaga, ta zuba, ta rufe. Sannan ya kawo babbar dokar.

"Ba a magana a kan faranti."

"Ko kaɗan?"

"Ko tari. Bakin mutum ya fi kasuwa cika. Kalma ɗaya kika yi, kin yi musu shuka."

Awa biyu Gwaggo Sabulu ta yi ba ta ce uffan ba. Waɗanda suka san ta har yau ba su yarda da wannan ba, amma Malam Safa ya rantse. Ya ce sau uku ya ga magana ta taso mata har wuya, musamman da ta hango yanar gizo-gizo a kusurwar silin, ta haɗiye ta, ta ci gaba da zubi tana zufa.

A ranar Talatar ne, suna jiran tukunya ta huce, Dakta ta leƙo ta zauna kusa da ita ta tambaye ta yadda take fitar da jini daga zane.

"Ruwan sanyi tukuna," in ji Gwaggo, wadda dama maganar awa biyu ta taru mata. "Sannan ki jiƙa a garin sabulu da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ki ƙyale shi ya yi rabin awa. Kada ki kuskura ki sa tafasasshe. Yaran yanzu gani suke zafi shi ne tsabta, sai su dafa tabon ya zauna har abada."

"Kin san me ya sa garin ya fi aiki a ruwan ɗumi?"

"Haka na tarar, haka hannuna ya gaya min."

Sai Dakta ta yi mata bayani. Ta ce a cikin irin garin sabulun nan akwai wani sinadari da ake kira enzayim, shi ke cinye jini da maiƙo, kuma zafi mai yawa kashe shi yake yi. Ta ce enzayim ɗin nan ba inji ne ke ƙera shi ba. Ƙwayoyin bakteriya ake kiwo a manyan tankuna, a ba su abinci, a ba su ɗumi, su yi ta fitar da shi, a tace a zuba a gari. Ta ce wannan shi ne fasahar sarrafa halittu da suke ta karantawa a littafi, kuma yawancin ƙwayoyin nan ba ruwansu da cuta.

Gwaggo ta yi shiru na biyu a rana ɗaya. Can ta ce, "Tsaya, Dakta. Kina nufin shekara ashirin da takwas ina zaginsu, su kuma suna taya ni wanki?"

"Ba albashi ma," in ji Dakta.

Gwaggo ta tafa hannu ta yi dariya har Malam Safa ya ruga ya kare farantai da jikinsa. Washegari a asibiti ta tara ma'aikatanta gaban inji na uku ta yi musu lacca, ta ce daga yau wanda ya sake zuba tafasasshen ruwa a kan garin sabulu, ma'aikata ya kashe, kuma da ita zai yi.

Ranar Asabar ajin ya sake shafa farantai. Wannan karon Dakta ta ce wa Gwaggo kada ta kawo mata wankakken yatsa, ta kawo abin da ta fi yarda da shi da abin da ta fi zargi, a raba farantin biyu. Gwaggo ba ta yi dogon tunani ba. Ta zo da soson wanke-wankenta a leda. Hular kuwa sai da aka yi zaman sulhu, maigidan ya yarda a goga mata auduga sau ɗaya, yana riƙe da ita da hannu biyu.

Makon jiran nan ya fi mata makon haihuwa tsawo. Ba abin da za ta wanke, ba abin da za ta gyara, aikin yana can cikin akwatin ɗumi yana yin kansa. Ta goge tagogin gidan sau biyu. Ta tambayi Auta ko tana ganin numfashi ta hanci ma yana iya shuka. Ta tuna wani faranti da take jin ta ɗaga murfinsa ya ɗan wuce kima, ta kasa tuna ko cikin biyar ɗin yake.

Ranar dubawa maigidan da kansa ya ce zai raka ta, wai yana da ɗan takara a ciki. Sun iso da awa guda kafin lokaci, ƙofa kuma a buɗe. Gwaggo ba ta shiga ba. Ta zauna a benci a waje, ta tura hannuwanta ƙarƙashin cinyoyinta ta danne su, har sai da kowa ya hallara.

Malam Safa ya fito da biyar ɗin ya jera su a gaban Dakta, nesa da famfo. Ɗalibai suka matso kusa. Dakta ta ɗauki na farko ta kai bakin taga, inda maigidan ke tsaye ta waje ya manna fuska a gilashi. Ta ajiye. Ta ɗauki na biyu, na uku. A na huɗu ta tsaya, ta matso da shi kusa da ido. Dakta ta sa gefen rigarta ta goge bayan murfin, ashe shatin yatsan Malam Safa ne. Ta ɗauki na biyar, ta juya shi, ta ajiye.

"Shekara shida ina koyar da kwas ɗin nan," in ji ta. "Ban taɓa samun biyar cikin biyar ba sai yau."

Ajin ya ɓarke da ihu da tafi. Monita ya hau kan kujera yana kiran "Mama! Mama!" har Malam Safa ya sauko da shi. Gwaggo ta rufe fuska da mayafi, farin ciki ya sa ta kuka a gaban yara, ba ta kuma damu ba.

Sai aka miƙo mata lamba goma sha bakwai. Gefen hula, ɗigo bakwai ne ƙanana a warwatse. Gefen soso kuwa ba masaka tsinke, fari da rawaya da ruwan goro sun hau kan juna. Dakta ta ce ba abin mamaki ba ne, hula a bushe take, soso kuwa kullum a jiƙe, ga ɗumi ga ragowar abinci. Wani ya ɗaga farantin ya nuna wa maigidan ta taga. Mutumin nan ya cire hularsa ya ɗaga ta sama, ya zagaya filin gaban ɗakin da ita, har yau kuma in baƙo ya zo gidan sai ya ji labarin kafin a ba shi ruwa.

Gwaggo ta gyara tabarau ta zauna ƙirga ɗigo tana zana su a takarda. Da ta daɗe tana kallo, sai ta ga wani rawaya mai kyau, gefensa a zagaye kamar an yi masa ado. Da aka gama, Malam Safa ya tattara farantai a bahon nan, ya dire shi a gabanta ya ce, "To Mama, yanzu kam bismilla." Ta ce ya ɗan ba ta minti biyu, ba ta gama kallon nata ba.

Ta ci kwas ɗin, da maki mai kyau ma.

Ranar yaye da safe ta fito da niyyar jona dutsen guga, sai ta tarar Auta ta riga ta. Riguna biyu ne rataye a ƙofa, baƙaƙe masu faɗin hannu, doguwa da gajeriya. Tun da Gwaggo ta yi wayo ba wanda ya taɓa goge mata kaya.

"Juyo, Umma," in ji Auta.

Ta ɗora mata rigar a kafaɗa, ta ja ta zuwa gaban madubin nan, ta tsaya a bayanta cikin tata. Idon Gwaggo, da yake ba ya hutu, nan take ya hango kari a kafaɗar hagu ya karkace, yarinyar ta danne shi ba daidai ba. Dutsen guga yana nan kusa, da sauran zafinsa, aikin minti ɗaya ne. Hannunta har ya ɗaga.

"Ya yi, Umma?"

Gwaggo ta mayar da hannun ta dafa na 'yarta da ke kan kafaɗarta, daidai kan karin.

"Ya yi," in ji ta. "Kira babanki mu tafi. Ki ce masa ya sa hular tasa in yana so."